Tsadar Okporoko: Ba Laifin 'Yan Kasuwa Ba Ne Kaɗai

Jama'a, duk ɗan Arewa da ya zauna Ikko ko Badun ko Anacha ya san okporoko, busasshen kifin nan mai tauri kamar itace wanda Yarbawa ke ce wa panla. Wasu 'yan'uwanmu ma dakonsa suke yi a kasuwa. In ya yi tsada, sai ka ji ana zagin 'yan kasuwa da faɗuwar naira. To, akwai wani dalilin can cikin teku.

Yawancinsa kifin kod ne na Tekun Barents, arewa da Norwe da Rasha. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, yakan gangaro tsibiran Lofoten don ya yi ƙwai. A nan ake kama shi, a rataye a kan katakai cikin iska mai sanyi, ba gishiri, ba hayaƙi, har ya bushe. Kawunansa kuwa Nijeriya ce babbar kasuwarsu.

Tun 1976 Norwe da Rasha ke zama kowace shekara su yanke yawan da za a kama. A 2013 sun yarda da tan miliyan 1. A 2023 ya dawo tan 566,784, a 2024 tan 453,427, a 2025 kuwa tan 340,000. Dalili shi ne ƙananan kifin da ke tasowa ba su cike gurbin manyan da ake kwashewa.

Ni a ganina ragin daidai ne, ko da miyarmu za ta ji a jikinta. Ku dubi Kanada. A gaɓar Newfoundland an yi shekaru aru-aru ana kamun kod, har manyan jiragen ruwa suka shigo, aka kama fiye da tan 800,000 a 1968 kaɗai. Masunta masu ƙananan jirage sun yi ta kukan kifi na ƙanƙancewa, hukuma ta yi kunnen uwar shegu, gudun kada mutane su rasa aiki. A Yulin 1992 dole ta sa aka hana kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi. An ce hanin na shekara biyu ne. Sai 2024 aka sake buɗewa, shi ma da tan 18,000 kacal.

Amma kada a cika yabon Norwe da Rasha. Abin da suka yanke na 2025 ya zarce shawarar masanansu, domin ministoci ma suna tsoron masu jiragen ruwa. Sarkin Ruwa a Argungu in ya rufe Matan Fada, ba a cinikin rana da shi.

Saboda haka mai shirin zuba jarinsa a okporoko ya san cewa kifin nan yakan shekara shida zuwa takwas kafin ya fara ƙwai. Ko an yi dace a tekun, kayan ba za su yawaita a kasuwa nan kusa ba.