MAI GADI DA MAI HOTO: SHAWARA GA MASU KWAMFUTA A GIDA

Wani malamin makaranta ya aiko mini da takarda, ya ce ya sayi kwamfuta don aikin gida, a kanta ya ke shirya jarrabawar yara, a nan kuma ya ke ajiye lissafin kuɗinsa. Abu biyu ya tambaya. Na ɗaya, wace manhaja zai sa ta tsare masa ita daga cutar nan da a ke kira bairos? Na biyu, da wace zai riƙa ɗaukar hoton abin da ke bisa allon kwamfutar, don ya nuna wa almajiransa? Tun da ya ke ba shi kaɗai abin ya dama ba, na ga ya kyautu in amsa masa a nan, kowa ya ji.

To, jama'a, tambayoyin nan biyu ne ga ido, amma tushensu ɗaya. Manhajar tsaro ba ta iya aikinta sai an sakar mata kowane lungu na kwamfuta, ta buɗe kowace takarda ta duba. Ta ɗaukar hoto kuwa, duk abin da idonka ya gani bisa allo ita ma ta gani, ko wasiƙa ce ko lissafin banki. Watau ɗaya mai gadi ne da ka danƙa wa makullan gida, ɗaya kuma baƙo ne da ka zaunar a bayanka yana leƙen abin da ka ke rubutawa. Saboda haka kafin mutum ya tambayi wace ta fi ƙarfi, sai ya fara tambaya: wa ya yi ta, ina aka samo ta, kuma me mai ita ke ci da ita?

Bari mu fara da mai gadi. Mutane da yawa ba su sani ba, duk kwamfutar da ke da Windows 10 ko 11 da mai gadinta ta zo, sunansa Microsoft Defender, ba a biyan ko kwabo dominsa. Tun 2012, sa'ad da aka fito da Windows 8, a ke haɗa shi a ciki. Akwai gidaje biyu waɗanda sana'arsu ita ce gwada irin waɗannan manhajoji, AV-TEST a Jamus, da AV-Comparatives a Ostiriya. Su kan sakar musu cututtuka iri iri, su ga wace ta kama, wace ta yi barci, sa'an nan su buga sakamako kowa ya karanta kyauta. A shekarun nan Defender ya kan tsaya kafaɗa da kafaɗa da na sayarwa. A ganina, ga mai aikin gida ya wadatar.

Wanda ya ke son ƙari, ga irin su Bitdefender da ESET da Norton a kasuwa. Amma ya sani haya ce ta shekara shekara, kuma kuɗin shekarar fari ya kan yi sauƙi, na biyu ya hau. Ran da wa'adi ya cika ba a biya ba, sai ta daina karɓar labarin sababbin cututtuka, ta zama kamar dogarin da bai san fuskar ɓarayin bana ba. Kada kuma a ce za a haɗa biyu don tsaro ya yi ƙarfi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Za su yi ta zargin juna, kwamfuta ta yi nauyi. Shi ya sa Defender da kansa ya kan ja da baya da zarar an sa wani.

Na kyauta fa? Lalle akwai nagari, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2024 hukumar ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Avast ya biya dala miliyan 16 da rabi, bisa zargin ya tattara labarin wuraren da mutane ke shiga a intanet, ya sayar ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. A shekarar nan kuma gwamnatin Amurka ta hana sayar da Kaspersky, na Rasha, a ƙasarta, don tsoron leƙen asiri, ko da ya ke kamfanin ya musanta. Ku duba fa, manya ke nan masu suna da ofis, waɗanda a ke iya kai ƙararsu. Ina ga manhajar sata, wadda wani ya fasa makullinta ya zuba maka daga filashi a bakin kasuwa? Wanda ya iya cire makulli ya iya cusa abin da ya ga dama. Wannan an ba kura ajiyar nama ke nan. Haka kuma in kana cikin intanet ka ga wani allo ya faɗo yana kururuwa, wai kwamfutarka ta kamu, ka danna nan ko ka kira lamba kaza, to, rufe shi. Ɓarawo ne ya sa rigar ɗan doka.

Har wa yau, mai gadi ba ya amfana wa gidan da katangarsa ta zube. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe wajen 150, tana kulle takardun mutane tana neman fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Alhali kuwa tun watan Maris Microsoft ta fitar da gyaran tsagar da cutar ta bi ta shiga, waɗanda ba su karɓi gyaran ba su ne suka sha wuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka in kwamfuta ta nemi sabuntawa, a bar ta ta yi, ko da za ta ci data. Mai sayen ta hannu kuma ya lura: an daina gyaran Windows 7 tun Janairun 2020, na Windows 10 kuma ya ƙare ran 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi.

Yanzu sai mai hoto. Shi ma yana cikin gida. Danna madannai uku tare, mai alamar Windows da Shift da S, sai allo ya dushe, ka ja layi bisa wurin da ka ke so, shi ke nan an ɗauka. Sunan manhajar Snipping Tool, a Windows 11 har hoto mai motsi ta kan ɗauka. Mai kwamfutar Apple ya danna Shift da Command da 5. Malamin da ke son ya yi kibiya ko rubutu a kan hoto, ga Greenshot da ShareX. Wanda zai ɗauki darasi dogo tare da muryarsa, ga OBS Studio. Duka ukun kyauta ne, kuma a buɗe a ke rubuta su, duk masanin da ya so ya duba abin da ke cikinsu. Sharaɗi ɗaya ne, a ɗauko su daga shafin masu su.

Haɗarin hoto yana ga inda ya tafi bayan an ɗauka. Waɗansu manhajoji su kan aika da shi intanet su ba ka adireshi, don sauƙin rabawa. An taɓa bayyana cewa adireshin hotunan Lightshot gajeru ne ƙwarai, har mutum ya kan canza harafi ɗaya ya faɗa kan hoton wani da bai sani ba. To, a duba tsarin manhaja, a sa ta riƙa ajiya cikin kwamfuta kaɗai. Kafin ka ɗauka kuma, rufe duk abin da ba ka so a gani. In akwai lambar asusu ko makin ɗan wani, shafe shi da baƙi ƙirin, kana ka aika. Hoto kamar magana ne, zarar bunu, in ya fita ba ya komowa.

Shawarata ga malam, da duk mai irin bukatarsa, ita ce ya fara da abin da ya zo da kwamfutarsa, kada ya ƙara kome sai ya ga abin da ya gaza. Kuɗin da ya tanada don manhaja kuwa, ya sayi ma'ajiya ta dabam da su, ya riƙa kwafe takardunsa a ciki kowane mako, ya zare ta ya sa a akwati. Ran da cuta ta fi ƙarfin mai gadi, ko kwamfuta ta mutu, ita za ta fisshe shi.

Wanda ya gwada wata dabara ya ga amfaninta, ya rubuto mu ji. Haza wasalam.