Tsimin Wuta a Ma'aikatu: Daga Ina Za a Soma?

Ya ku malamai da attajirai, yau maganarmu a kan wutar lantarki da man gas take, watau abin da ke cin ribar masu ma'aikatu a Kano, tun daga manyan kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa, har ya zuwa masu injin niƙa da gidajen burodi da masu ƙanƙara na Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

Kowa ya san yadda al'amarin ya juya. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga waɗanda ke rukunin farko, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane awo ɗaya na mita. A watan Oktoba na 2024 kuwa, manyan wayoyin da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka yi kwanaki ana zaman duhu, kowace ma'aikata ta koma kan janareto. Gaskiya ne an buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Challawa a watan Janairu na 2023, an kuma soma shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano tun 2020. Amma fa wanda ya zauna jiran gwamnati ko kamfanin KEDCO su sauƙaƙa masa, jarinsa na iya ƙarewa kafin sauƙin ya iso. Ra'ayinmu shi ne mai ma'aikata ya fara da abin da ke hannunsa.

Abu na farko shi ne awo. Babu ɗan kasuwar da ke sayar da hatsi ba tare da mudu ba, amma sau da yawa sai ka iske ma'aikata tana shan wuta da mai ba wanda ya rubuta. A sa akawu ya duba mita safe da maraice, ya rubuta litar man gas da aka zuba, da yawan buhunan da aka yi a ranar. Bayan wata guda a raba, sai a ga wuta nawa kowane buhu ya ci. Sa'an nan a duba mita a daren da ba a aiki. Kadan ta motsa, lalle akwai abin da ke ci a ɓoye.

Na biyu, a yi gyaran da ba ya bukatar kuɗi. Masana sun ƙiyasta cewa injuna masu juyawa su ke shan wajen kashi biyu cikin uku na wutar masana'antu, saboda haka injin da ke juyawa ba kaya a cikinsa hasara ce tsantsa. A kashe shi lokacin salla da lokacin cin abinci. A ɗaure bel, a sa man shafawa, a kakkaɓe ƙurar hunturu. Inda ake aiki da injin matsa iska, a zaga lokacin da wuri ya yi tsit a saurari inda take tsiyaya, gama kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari kan zube ta nan in ba a kula ba. Babban janareto kuma da aka tayar don ƙaramin aiki ɓarnar mai ne. Gara a haɗa ayyuka masu nauyi a lokaci guda.

Na uku, sai gyara mai ɗan kuɗi. Ga misali: ƙwai ɗari na tsohon yayi masu wat 60, in sun kwana sa'a 12 suna ci, awo 72 ke nan. Ƙwan zamani mai wat 9 zai ba da kusan wannan haske da awo 11. Rarar awo 61, a farashin Afrilun 2024, ta haura naira 13,000 kowace rana. Haka nan a naɗe bututun tururi don kada zafi ya tsere, masu gumin shinkafa kuma su hura tukunya da ɓuntu maimakon zubar da shi. Da rarar nan ce za a sayi sabon inji ko farantan hasken rana, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda ya sayi farantai bai toshe ɓarna ba, ya zuba ruwa a kwando.

Wani zai ce wannan ƙwauro ne, ko kuwa a ce leburori ba za su bi ba. To, a ɗora wa mutum guda amanar littafin, a riƙa karanta lissafin a gaban kowa ran Asabar, in an sami rara a ba su tukuici daga ciki. Malamai kuma sun fi mu sanin bambancin rowa da tsimi, da hukuncin almubazzaranci, sai su tunatar da attajiran da ke zama gabansu. Ma'aikata guda in ta rufe, magidanta da yawa ne za su rasa abin cefane.

Muna roƙon kowane mai inji ya sayi littafi da alƙalami a makon nan, ya soma rubutu.