Kada A Yar Da Muƙamuƙin Kurege

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ɗambatta ko Bichi ya san kukan manomi a kan dangin ɓera. Kurege ya tone gyaɗar da aka shuka, gafiya ta huda ƙasan rumbu, gyazbi kuma ya datse rake a fadama. In yara suka yi farauta, a cinye nama a watsar da kai. Ni kuwa ina ganin wannan kan da ake watsarwa ya fi zane goma na allo amfani a ajin kimiyyar halittu.

Dubi bakin kurege da kyau, ya kai ɗalibi. Haƙoran gabansa biyu ne a sama, biyu a ƙasa, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Fuskarsu ta gaba tana da tauri, bayansu kuwa yana saurin cinyewa, saboda haka kullum bakinsu a wase yake kamar gizago. Bayansu sai giɓi mai faɗi, sa'an nan turame. Idan zai gwaguya sai ya turo muƙamuƙi gaba, idan zai tauna sai ya ja shi baya. Jaba kuwa, wadda mutane ke haɗa ta da ɓera, ba ta cikin wannan dangi: haƙoranta masu tsini ne, na cin ƙwari.

A shekarar 1899 wani masani ɗan Suwidin, Tycho Tullberg, ya raba dangin nan gida biyu bisa surar muƙamuƙin ƙasa. Kifa ƙashin ka dube shi ta ƙasa. A na kurege da ɓera da gafiya, fiffiken baya, inda tsokar tauna ke kamawa, yana layi ɗaya da tushen haƙorin gaba. A na gyazbi da beguwa kuwa ya buɗe waje.

Wannan ɗan bambanci shi ne ke kai mu nesa. A gida ɗaya da gyazbi masana suka sanya wata dabba da ta ƙare tuntuni, wadda aka tono ƙoƙon kanta a ƙasar Yurugai ta Kudancin Amurka, aka bayyana ta a 2008 da sunan Josephoartigasia monesi. Tsawon ƙoƙon kan nan santimita 53 ne. Da fari an ƙiyasta nauyinta ya kai kilo 1,000. Lissafin da aka sake a 2022 ya rage shi zuwa kusan rabin haka, wanda duk da haka ya kai na bijimi. Kakannin danginta daga Afirka suka fito, kuma an tono burbushin 'yan'uwansu na dā a Fayum ta Masar.

Ta yaya za a auna cizon dabbar da babu wanda ya taɓa gani? A 2015 Philip Cox na Jami'ar York da abokan aikinsa suka ɗauki hoton cikin ƙashin, suka sake gina shi a kwamfuta. Da yake ba a sami muƙamuƙin ƙasa ba, sai suka yi kwatance da na wani ɗan'uwanta mai rai. Lissafinsu ya nuna ƙarfin cizo a haƙoran gaba kamar a ɗora wa abu nauyin kilo 140, amma haƙoran suna iya jure kusan ninki uku na haka. Daga nan suka yi hasashen cewa tana tona ƙasa ko kare kanta da su, kamar yadda giwa ke yi da haure. A lura, da ƙashin dabba mai rai aka cike gurbin matacciya, irin ƙashin da muke jefa wa karnuka.

Shi ya sa nake roƙon malaman sakandare su tanadi akwatin ƙasusuwa. Sai dai a yi hattara. Ɓeran gida mai yawan nonuwa yana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969, don haka kada a tura yara kamun ɓera. Malami da kansa zai karɓi kan kurege ko na gyazbi wurin mafarauta, ya sa safar hannu, ya tafasa shi sosai, ya shanya. Kawuna biyu sun isa aji guda ya kifa su, ya ga abin da Tullberg ya gani.