Samarin Inkil: Ko Gayya, Ko Sara-Suka

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun 'yan Arewa mazauna Kudu, tun daga Sabo ta Ibadan har Agege da Idi-Araba a Ikko, wai shiga sikawut ko Man O' War ɓata lokaci ne, wai hawan dutse da kwana a daji wasan 'ya'yan Turawa ne. Masu wannan magana su ne kuma barci ke ƙaurace wa duk ranar da aka bugo waya daga Bauchi aka ce 'yan sara-suka sun yi ta'asa. Lalle ne a gaya musu gaskiya komai ɗacinta: ƙarfin saurayi ba ya ajiyuwa. In dattawa ba su miƙa masa fartanya ba, wani zai miƙa masa adda.

A dubi Inkil, a bakin garin Bauchi kan hanyar Gombe. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976 birnin ke ta faɗaɗa yana cin gonakin gefensa, samari kuwa suna ƙaruwa. Wannan hanya ita ce ke zuwa Dindima, inda ake ratsewa a nufi Yankari, dajin da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, mai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki. Baƙi suna tasowa daga uwa duniya su wuce ta ƙofar gidan yaron Inkil don su ga abin da shi sai dai ya ji labari. Ashe wannan ba abin kunya ba ne?

Masu cewa baƙon abu ne sun manta da gayya. Kafin a san Bature a ƙasar Hausa, sarkin samari kan tara tsararsa, makaɗa na zuga su, su nome gonar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, su ɗora wa marar gata jinka, su share maƙabarta. Da rani kuma su shiga daji farauta, ƙarami na bin umarnin babba. A nan yaro ke koyon jimiri da kunya da riƙon amana.

Ƙungiyoyin zamani wannan gurbi suka cike. Baden-Powell ya fara sikawut a Ingila a 1907, ta iso Nijeriya a 1915. Alec Dickson ya kafa horon Man O' War a 1951, cibiyar da ta gaje shi kuma tana da sansani a duwatsun Shere kusa da Jos, maƙwabciyar Bauchi. Ga kuma 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, waɗanda ke tsare sahu a filin idi, suna ɗaukar waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su. Yaron da ya hau dutse da igiya ɗaure a ƙugunsa, ransa na hannun ɗan'uwansa, ya san darajar rai. Wanda ya iya tsayar da jini da ɗaure karaya zai yi nauyin hannu wajen zubar da jinin wani. Wanda ya yashe magudanar ruwan unguwarsu kafin damina ba zai yarda a zuba shara a ciki ba.

To, wa ke cin ribar zaman banzan samari? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, daba a Kano, duk kanwar ja ce. Miyagun 'yan siyasa ke ɗaukar 'ya'yan talakawa, su saya musu ƙwaya, su tura su tarwatsa taron abokan hamayya, alhali nasu 'ya'yan suna makarantun kuɗi. Da an gama zaɓe sai a watsar da su kamar tsumma, wasu su ƙare a kurkuku, wasu a kabari. Irin waɗannan shugabanni ba sa son ganin saurayi mai horo, domin mai horo yakan yi tambaya kafin ya bi.

Wasu iyaye suna tsoron daji saboda masu satar mutane, kuma tsoronsu yana kan hanya. Maganinsa shi ne tsari: malamai amintattu, yardar iyaye, sanar da hukuma, da zaɓen wurin da aka tabbatar da lafiyarsa. Wasu kuma sun ce ai akwai hidimar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ga ma sansaninta a Wailo. Amma wannan ta masu digiri da babbar difloma ce. Ina rabon yaron makanike da ɗan acaɓa da almajirin da ya sauke?

Saboda haka magana ta dawo kan mazauna Kudu. Suna da ƙungiyoyi, suna da asusu, suna da sarakunan Hausawa masu faɗa a ji. Abin da ake ɓarnatarwa a biki guda ya isa a sayi tantuna da shebur da baro da akwatin magani, a biya motar da za ta kai samarin unguwa Yankari. Su kuma tambayi duk mai neman ƙuri'ar danginsu abin da ya tanadar wa waɗannan ƙungiyoyi, ban da alkawari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya hana ɗansa rigar agaji yau, kada ya yi kuka gobe in ya tarar da shi a bayan kanta. Allah ya shiryi zuriya, amin.