Whoopi Goldberg da Nauyin Suna

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gidan ɗan barkwanci kuwa shi ne dandali, inda zai tsaya shi kaɗai gaban jama'a, babu kyamara, babu damar sake ɗauka. A wannan mako zan yi magana kan wata da ta koma wannan gida bayan shekara ashirin.

A 1984, Whoopi Goldberg ta hau dandalin gidan wasa na Lyceum da ke New York, ta riƙa rikiɗa daga wannan mutum zuwa wancan. Akwai Fontaine, ɗan ƙwaya mai kaifin baki, wanda ya ziyarci gidan da Anne Frank ta ɓuya wa 'yan Nazi a Amsterdam, jikinsa ya yi sanyi. Akwai yarinya baƙar fata da ta yafa riga a ka, tana cewa doguwar sumar Turawa ce gare ta. 'Yan kallo na cikin dariya sai su ji maƙogwaro ya cushe. Fasahar ke nan: a zaunar da kai ka saurari wanda da a titi ka gan shi, kau da kai za ka yi.

Daga nan Steven Spielberg ya sa ta a fim ɗin The Color Purple, daga baya ta ci kyautar Oscar a 1991 da fim ɗin Ghost.

A Nuwamban 2004 ta koma Lyceum. Sai dai watanni kaɗan kafin nan, shaguɓen da ta yi wa Shugaba George Bush ya sa kamfanin Slim-Fast ya janye ta daga tallarsa. Saboda haka da Fontaine ya buɗe baki yana sukar gwamnati, da wuya mai sauraro ya ce ba Whoopi ce ke magana ba.

A ganina, nan gizo ke saƙar. Wannan wasa yana buƙatar ɗan wasa ya ɓace domin wani ya bayyana, suna kuwa ba ya barin mai shi ya ɓace. Duk da haka na jinjina mata. Tauraron da ya yarda ya sake tsayawa inda za a iya ƙin yi masa dariya, har yanzu sana'arsa yake bauta wa, ba sunansa ba.