Ana cewa ƙasashe masu arziki na kamo juna, amma Manchester da Birmingham fa?

A shekarar 1986 wani masanin tattalin arziki na Amurka, William Baumol, ya duba alƙaluman ƙasashe 16 masu ci gaban masana'antu daga 1870 zuwa 1979, ya kuma ce ya gano abu guda: waɗanda suka fara a baya sun fi saurin bunƙasa, har suka kusa kamo na gaba. Bayan shekara biyu Bradford DeLong ya ƙalubalance shi. Ya ce ai an zaɓo ƙasashen ne bayan an ga waɗanda suka yi nasara. Ajantina, wadda ake lissafa ta cikin masu arziki a farkon ƙarni na 20 kafin ta koma baya, ba ta cikin jerin. Da aka sa irinta, sai kusantar ta dusashe.

Wannan muhawara ta shafi Birtaniya kai tsaye, domin ita ma tana da tata Ajantinar a cikin gida. A farkon shekarun 1960 yankin Birmingham yana sahun gaba wajen samun kuɗin shiga, har gwamnati ta riƙa taƙaita kafa sabbin masana'antu a can don a tura su wasu yankunan. Daga baya masana'antar ƙera motoci ta durƙushe. A 2005 kamfanin MG Rover ya rushe, ma'aikata kusan 6,000 suka rasa aiki a Longbridge. A watan Satumban 2023 kuma majalisar birnin ta sanar cewa ba za ta iya daidaita kasafin kuɗinta ba.

Manchester, wadda masaƙun auduga suka ɗaukaka, ta fi nuna alamun farfaɗowa, dogayen gine-gine sai tashi suke yi a tsakiyarta. To, amma wani binciken cibiyar Resolution Foundation na 2023 ya nuna cewa abin da ma'aikacin yankin ke samarwa yana ƙasa da na Landan da kimanin kashi ɗaya bisa uku, giɓin da ya fi na tsakanin Lyon da Paris a Faransa.

A nan ne ma'aunin yake yaudara. Idan aka ɗauki Birtaniya dunƙule, arzikin Landan yana rufe asirin sauran biranen, sai ƙasar ta bayyana dab da Faransa. Ko da an yarda da lissafin Robert Barro da Xavier Sala-i-Martin, cewa irin wannan giɓi kan ragu da kashi 2 cikin 100 a shekara, sai an yi shekara 35 kafin a cike rabinsa. Matashin da ya kama aiki yau zai kusa ritaya ke nan.

Hanyar jirgin ƙasa mai sauri ta HS2 na cikin abubuwan da aka ce za su gaggauta lamarin. A watan Oktoban 2023 Firayim Ministan lokacin, Rishi Sunak, ya soke sashen da zai haɗa Birmingham da Manchester. A birnin Manchester ɗin ya yi sanarwar.