AN SAUYA MUDU NE, KO KAYA NE SUKA SAUKA?



Duk wata, da zarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta saki alƙalumanta, sai ka ga sojojin baka sun cika Facebook da murna wai hauhawar farashi ta sauka. Wanda ya ce uffan sai a kira shi ɗan hassada. To mu a Dandume, inda tireloli ke ɗibar masarar da ake ci har Legas, muna da ta cewa.

Mu fara da lissafinsu. A watan Disamba 2024 NBS ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. A Janairu 2025 sai ta ce 24.48. Fiye da kashi goma sun ɓace cikin wata guda. Jama'a, wane ne ya ga wannan sauƙin a shago? Abin da ya faru shi ne an canza ma'auni. Da ana kwatanta farashi da na 2009, sai aka dawo da shi 2024, shekarar da tsada ta fitar da mutane zanga-zanga a watan Agusta. Ka auna hatsi da mudu jiya, yau ka ɗauko wani kwanon, sannan ka ce rumbu ya ƙaru?

A cikin sabon ma'aunin, kason abinci ya sauko daga kusan kashi 52 zuwa kusan kashi 40. Na gidajen cin abinci da masauki kuwa ya tashi daga kashi 1 da ɗoriya zuwa kusan 13. Ƙila hakan ya dace da ma'aikacin banki a Abuja. Amma magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara a Mahuta fa? Shi kusan duk abin da ya samu a tukunya yake ƙarewa, ragowar kuma a kemis. Ma'aunin da ya haɗa shi da mai kwana a otal ya fitar da tsaka-tsaki, wallahi bai san da zamansa ba.

Za su ce ai kowace ƙasa tana sabunta ma'auninta. Gaskiya ne, kuma na 2009 ya tsufa, babu mai musu. Rigimarmu da masu ɗaukar sabon adadi su jera shi da tsoho ne, su ce wa talaka ga aikin gwamnati. Wannan yaudara ce.

Sannan ko da adadin ya sauka da gaske, a fahimci me yake nufi. A ce kayan naira 1,000 ne. Ya hau da kashi 35, ya zama 1,350. Shekara ta zagayo ya sake hawa da kashi 24, ya zama 1,674. A takarda hauhawa ta ragu, a aljihunka kuwa an ƙara maka naira 324. Motar da ta rage gudu ai ba baya ta koma ba. Man fetur da bai kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. Ko ya ɗan sauko daga baya, wa ya mayar wa ɗan acaɓa da lita ta 200? Albashi mafi ƙanƙanta na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kwana nawa yake yi a gida?

Yanzu ga inda ya fi yi mana ciwo. Eh, hatsi ya sauka a 2025, mu ganau ne. Amma wa ya biya kuɗin wannan sauƙin? Tun Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye haraji na kwana 150 a kan shigo da masara, alkama, shinkafa da wake. Kaya suka shigo, farashi ya karye a kan manomin da ya riga ya sayi taki da tsada. Aka wayi gari a kasuwannin Dandume, Funtua da Bakori manomi ya sayar da buhun masara guda, kuɗin ba su isa buhun taki ba, alhali buhun takin rabin nauyin na masarar ne. Ga maganin feshi, ga kuɗin ƙwadago, ga na mota. Ga gonakin da aka bari wajen Sabuwa da Faskari saboda 'yan bindiga, ga kuɗin fansa da ake sayar da shanun huɗa a biya. Alƙaluman da ake yi mana guɗa da su na mai saye ne, babu asarar manomi a ciki. Abin da suke kira nasara a Abuja, a nan bashi ne a wuyan mai garma. Kuma idan ya ƙi noman masara baɗi, tsadar da za ta dawo sai ta fi ta da.

Wani abin mamaki, wannan NBS ɗin ce a 2022 ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci. Me ya sa ba mu ga 'yan amshin shata suna yawo da wannan adadin ba?

Buƙatunmu a fili suke. NBS ta riƙa nuna wa jama'a abin da tsohon ma'auni zai bayar a gefen sabo. A riƙa bayyana farashin taki da iri da magani kamar yadda ake bayyana na abinci. Taki ya iso kafin ruwan fari, kuma gwamnati ta sayi hatsi da kaka a farashin da manomi ba zai karye ba.

Mu kuma matasa, kowa ya samu ɗan littafi. Duk ranar kasuwa a rubuta kuɗin tiyar masara, buhun taki, litar mai da kuɗin mota zuwa Funtua. Zaɓen 2027 na tafe. Duk ɗan takarar da ya zo mana da kashi kaza cikin ɗari, namu ne ko na wasu, mu buɗe masa littafin ya karanta da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya.

Shugaban Matasa, Ƙaramar Hukumar Dandume